Idon Daruma na Biyu

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Shiogane, fuskar Shinomiya Towa zai fara cin karo da ita. Tana jikin gilashin tasha, tana jikin motocin bas, tana kan kwalin madara, har a ƙofar asibitin haƙori tana nan tana murmushi. Yaron kyakkyawa ne, wannan ba a ja. Amma bara ya zo ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin, Hankakan Teku, kuma rabin wasa a benci yake yinsa yana gyaran gashi. Wanda ya shekara goma da 'yan kai yana ɗauke da ƙungiyar a kafaɗa kuwa, sai ka zagaya bayan zauren wasa, wajen da ake jingine kekuna, kafin ka ga hotonsa, shi ma rana ta cinye shi. Sunansa Nagahori Genta. Uwarsa ita ce Fusae, kuma wannan labarin nata ne.

A unguwar masunta aka haife ta, 'yar mai jirgin kamun kifi. Tana gama sakandare ta shiga kamfanin gyaran kifi da ke bakin tashar ruwa, kuma har yau tana can, tsaye a cikin takalmin roba tana farke ciki tana watsar da hanji. Hannuwanta sun yi kanta, ƙarnin kifi ya zauna a jikinta yadda sabulu ya gaji ya bari. Gajera ce, mai ƙaramar murya, amma ba ta iya lulluɓe magana ba, abin da a garin nan ake ɗauka kamar wata nakasa.

Tana budurwa ta haɗu da Yaw, mutumin Gana, wanda ke aiki a filin da ake kwance tsofaffin motoci ana loda kayansu a jirgi. Yakan zo sayen kawunan kifi da kowa ke zubarwa, ta tambaye shi ko kyanwa yake kiwo, ya ce a'a, shi ne kyanwar. Daga nan aka fara. Ubanta bai je ɗaurin auren ba. Ya aiko da saƙo cewa teku ba kyau, alhali ranar teku a kwance take kamar tabarma. A asibitin da aka haife ta, a nan ta haifi Genta. Yaron bai shiga aji biyu ba sarƙar ƙugiya ta tsinke a wurin aiki, injin mota ya faɗo wa Yaw. Aka kawo mata jakarsa da kwanon abincin da ta zuba masa da safe, bai ko buɗe ba.

Ita kaɗai ta rene shi. A makaranta yara suna shafa masa hannu a kai su gudu suna dariya. A gidan wanka na unguwa tsofaffi suna matsawa gefe idan ya shiga ruwa. Da ya fara tsawo, malamin wasanni ya miƙa masa ƙwallo, sai garin ya gano abin da zai yi da shi. Ya tafi jami'a a birni, manyan ƙungiyoyi suka neme shi, ya ƙi, ya dawo gida. Ya ce shi ɗan Shiogane ne, a Shiogane zai buga. Fusae ta ce masa wawa ne. Ya yi dariya ya ce, “To ai gado na yi, Tsohuwa.”

Aikinsa a fili shi ne wanda ba a ɗauka a hoto. Shi ne ke tsayawa ƙarƙashin kwando yana shan gula da gwiwar hannu, ya fizgo ƙwallon da ta ƙi shiga, ya tare ƙattan abokan hamayya da ƙirji don wani ya samu sararin jefawa. Idan an ci, sunan mai jefawa ake rerawa. Idan an sha kashi, sai ka ji a shagon aski ana cewa baƙin nan da ake biya ba sa zuciya. Da shi suke, shi da bai taɓa kwana a wata ƙasa ba sai da tafiyar wasa.

Duk ranar wasa Fusae na sa rigar aiki mai launin ƙungiya ta tsaya a teburin sayar da tawul, ita da ƙawarta Kinuyo, cikin matan kwamitin magoya baya masu aikin sa-kai. Kowane ɗan wasa da tawul mai sunansa, wanda masoyansa ke ɗagawa sama idan an kira shi. Na Towa kan ƙare tun kafin a busa. Na Genta kuwa kwali guda ne tun bara, ita ke ɗauko shi ita ke mayarwa.

Wata rana wata mata da 'yarta suka tsaya, matar ta nuna tawul ɗin da yatsa.

“Wannan dogon baƙon, na ji shi a rediyo, ya iya yarenmu sosai fa. Daga wace ƙasa yake?”

“Daga bayan shagon mai awara,” in ji Fusae. “In kin wuce gada, ƙofa ta hannun hagu. Ni na haife shi. Nawa za ki saya?”

Matar ta sunkuya ta sunkuya, ta ja 'yarta suka ɓace. Kinuyo ta mintsine ta a hannu.

“Ke Fusae, bakin nan naki! Da shi kike yanka kifi ko da wuƙa?”

“Tambaya ta yi, na ba ta amsa.”

“Kin kori ciniki dai.”

“Dama ba saye za ta yi ba. Kallo ta zo.”

A bana aka ba Genta kyaftin, don babu sauran wanda ya girme shi. Al'adar ƙungiyar ce, farkon kaka kafin a fara gasa, a hau ɗakin bauta na kan tudu da ƙaton daruma da kwamitin magoya baya ya saya. Jan mutum-mutumin takarda ne, kai da ciki kawai, ba hannu ba ƙafa, idanunsa biyu farare fat. Kyaftin ke ɗaukar alƙalamin gashi ya tsoma a tawada ya zana masa ido ɗaya, a ƙulla buri. Ido na biyu sai burin ya cika. Burin bana shi ne na kowace shekara, a hau babban rukuni, abin da garin bai taɓa gani ba.

Fusae na tsaye a baya cikin mata, ita ce ma ta riƙo akwatin alƙalamin, don aikin matan kwamiti ne. Shugaban kwamitin, Kuramochi, mai babban kantin giya na kan titin kasuwa, ya karɓi alƙalamin daga hannunta. Genta ya tako gaba, ya goge tafinsa a wando. Sai Kuramochi ya wuce shi kamar ya wuce ginshiƙi, ya miƙa wa Towa.

“Masu ɗaukar nauyi ne suka roƙa, saboda hoto,” ya ce yana dariyar nan tasa da ba ta kai ido. Ya ɗaga kai ya dubi Genta. “Kyaftin, ka yi haƙuri. Ido na biyu naka ne. Ai shi ne babba.”

Kowa a wurin ya san irin wannan maganar. Irin ta “sai ka zo gida mu sha shayi” ce, wadda ba a sa mata rana. Ana faɗinta don a rufe rami, a sunkuya, a wuce. Genta ma ya sani, ai a nan ya tashi. Amma ya sunkuya har ƙasa, ya ce da ƙarfi yadda 'yan jarida suka ji, “Na karɓa, Kuramochi-san. Na gode.” Fusae ta ga wuyansa ya yi tauri kamar na ubansa in ya ƙudurta abu.

Aka kai daruman zauren wasa aka ɗora a kan wani dandamali kusa da ƙofar 'yan wasa. Duk lokacin da ta wuce da kwalin tawul sai ta ji ido ɗayan nan yana bin ta. Ba ta taɓa son abin ba. Wai don me za a roƙi sa'ar gudu da tsalle a wurin abin da ba shi da ƙafa?

Ƙungiyar ta fara ci. Ta ci ta ci, har mutanen da ba su san yawan 'yan wasa a fili ba suka fara sayen tikiti. Da hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe tashar ruwa, gwiwar Genta ta hagu, wadda aka taɓa yi wa aiki, ta fara kumbura. Da farko bayan wasa kawai. Daga baya ta daina saɓewa. Yakan biyo gidanta da rana bayan atisaye, ta ɗebo ƙanƙarar kifi daga wurin aiki a buhu ta ɗora masa. Tana jin hawansa a matakala tun daga ƙasa, ƙafa ɗaya na takawa, ɗayar ana jan ta.

Ita ta matsa har ta bi shi wurin likita. Likitan ya nuna musu hoton ƙashi, ya yi ta kewaye-kewaye irin nasu. Fusae ta katse shi.

“Likita, ni kifi nake yanka, ban yi jami'a ba. Faɗa mini da yaren mutane.”

Ya cire tabarau. Ya ce jijiyar da ke riƙe da gwiwar saura kamar zare. Idan ya huta yanzu aka gyara, zai yi tafiya lafiya har tsufansa. Idan ta tsinke a fili, ba maganar ƙwallo ake ba, maganar sanda ce, watakila har ƙarshen rayuwa.

Da suka isa gida suka zauna, ta zuba masa miyar kifi da shinkafa.

“Ka ji dai.”

“Na ji. Bayan gasa zan yi.”

“Bayan gasa da wace ƙafar?”

“Akwai allura, Tsohuwa. In an yi ba na jin komai.”

“Gawa ma ba ta jin komai. Genta, don ɗigon tawada? Zo in saya maka daruma goma ka yi ta zana musu ido har a ƙeya.”

Ya yi dariya har ya ƙware. Sannan ya ajiye tsinken cin abinci, ya daina dariyar.

“Mama, kin san hoton nan a tasha za a rataye shi. Ba na shekara ɗaya ba ne. Duk yaron da ya sauka daga jirgi zai ga wanda ya buɗe wa garin nan ido. Sau ɗaya dai, su dube ni su ce namu ne. Ba su ce na iya yare ba.”

Ta tashi ta shiga wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Haka aka ci gaba. Allura kafin wasa, ƙanƙara bayan wasa. Koci ya sani, ya kawar da kai, don shi ma kujerarsa na rawa. 'Yan kallo ba su lura ba, su da idonsu ke kan gashin Towa. A teburin tawul kuwa an samu ci gaba, an sayi na Genta guda biyu. Ɗaya Kinuyo ce ta saya, ta ce na goge kekenta ya tsufa.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi da rana, a gida, bazara ta shigo. Wanda ya ci ya hau. Tun da hantsi aka kira matan kwamiti su jera kujeru. Fusae na shigowa da akwatin alƙalami ta tarar an sauko da daruman tsakiyar fili, an kunna fitilu. Kuramochi na tsaye da masu ɗaukar hoto, Towa na durƙushe gaban daruman da hannu a sama, ba komai a hannun, yana gwada yadda zai zana.

“Ɗan karkato, Towa-kun, fuskarka ta fito. Yawwa! Haka za ka yi in an ci.”

An manna alamar tef a ƙasa inda kowa zai tsaya. Ta bi su da ido ta nemo ta kyaftin. Tana can layin baya, wajen dogaye, tare da 'yan wasan da aka ɗauko daga ƙasashen waje.

Ta nufi Kuramochi kai tsaye. Kinuyo ta riƙo mata riga, ta fizge.

“Kuramochi-san, a gaban ɗakin bauta ka ce ido na biyu na ɗana ne.”

“A'a, Nagahori-san, sannu da ƙoƙari, kullum kina wahala da mu.” Ya sunkuya. “Wannan gwaji ne kawai. Za mu duba yadda ya dace.”

“Eh ko a'a?”

Ya ja iska ta haƙora. “Abin da ɗan wuya. Kin san hoton zai zaga ƙasa duka. Mutanen waje in sun gani, ana so su gane nan take cewa ƙungiyar garinmu ce.”

Towa ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja. Ya ce a hankali, “Inna, ni ban roƙa ba.” Gaskiya ya faɗa. Bai roƙa ba, kuma bai ƙi ba.

Ta samu Genta a ɗan lungun da ke gaban ɗakin canja kaya, zaune a benci, ƙafar a miƙe, ana jiran mai allura. Ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta faɗa masa abin da ta gani, da tef ɗin, da abin da Kuramochi ya ce, kalma da kalma. A ranta tana cewa gara zuciyarsa ta karye yau, zuciya tana ɗinkewa.

Ya shafa gwiwar.

“Kar ka shiga,” ta ce. “Ka ce ciwo ya tashi. Ba ƙarya ka yi ba. Su sa mai gashin ya tare musu ƙattan.”

“In ban shiga ba za a ce me? Za a ce dama irinsu ba sa zuciya.”

“Su faɗa! Yau suka fara?”

“Mama.” Ya kamo hannunta mai kanta ya riƙe. “Ki bari su ga abin da zan yi yau. A gaban mutum dubbai, kunya ba za ta bar su ba.”

“Kunya? A garin nan kunyar sunkuyawa kawai aka iya.”

Mai allura ya leƙo da ɗan farantinsa. Genta ya saki hannunta.

Ba ta koma teburin tawul ba. Ta tsaya a bakin ƙofar 'yan wasa, akwatin alƙalami a ƙirjinta, daruman a kan dandamalinsa kusa da kafaɗarta. Zauren ya cika har matakala, ganguna na tashi. Ba ta kalli allon maki ba ko sau ɗaya. Gwiwar kawai take kallo. Duk tsallen da ya yi sai ta ɗauke numfashi har ya dira. Ya yi wasan da bai taɓa yi ba. Ya fizge ƙwallo daga hannun mutanen da suka fi shi tsawo, ya faɗi ya tashi, leɓensa ya fashe ya lashe jinin. Har wani ɓangare na 'yan kallo suka fara kiran sunansa, da ɗan ɗari-ɗari, kamar masu gwada sabon takalmi.

Saura kaɗan a tashi, Hankaka na gaba da ƙyar, ɗan wasan hamayya ya taso da gudu zai zura. Genta ya tashi sama ya doke ƙwallon ta yi waje. Ya dira a kan ƙafar hagu.

Duk da ganguna ta ji ƙarar. Irin ƙarar da take ji kullum in ta karya ƙashin bayan kifi.

Aka busa tashi yana kwance, Hankaka sun ci. Zauren ya fashe da ihu, takardu masu ƙyalli suka zubo daga sama har a kan fuskarsa. Mutum huɗu suka ɗauke shi a gadon marasa lafiya, aka tafa masa, tafi mai kyau na ladabi, har aka fice da shi. Sannan kowa ya juya wajen daruman da ake turowa tsakiyar fili.

Kuramochi ya taho da sauri yana miƙo hannu. “Nagahori-san, akwatin.”

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Ta juya ta bi gadon, akwatin a ƙirjinta. Ya kira ta sau biyu, ba ta waiga ba. A ranta ta ce to, a zana da yatsa.

Ba su ko jira ba. Tana bakin ƙofar fita ta hango a talabijin ɗin da ke rataye a lungun: wani ya zaro baƙin alƙalamin da Towa ke sa wa masoya hannu da shi a riga, ya miƙa masa. Yaron ya durƙusa daidai kan tef ɗinsa, ya ɗan karkato. Daruman ya samu ido biyu.

A cikin motar asibiti an ɗaure ƙafar da katako, ta kumbura ta fi cinyar girma. Zufa na tsatsafo masa, allurar ta fara sakinsa. Ya buɗe ido ya ga akwatin a cinyarta. Ya miƙo hannu ya taɓa murfin, fuskarsa ta saki gaba ɗaya, ta koma irin ta ranar da malamin wasanni ya fara ba shi ƙwallo.

“Sun ba ki ki kawo mini?” ya ce. “Jirana za su yi ke nan. Na faɗa miki, Tsohuwa.”

Fusae, wadda tun da take ba ta taɓa lulluɓe wa kowa magana ba, ta ɗora hannunta a kan nasa ta danne.

“Kwanta,” ta ce. “Kar ka motsa ƙafar.”

Motar ta karya kwana ta gaban tashar jirgi. Ta ƙaramar tagar baya ta ga ma'aikata biyu a kan tsani, sun riga sun fara share gilashin da za a manna sabon hoto. Wayarsa na cikin jakar da ke ƙarƙashin gadon, tana ta kaɗawa, saƙo na bin saƙo. Ta sa ƙafa ta tura jakar can ciki.

“Miƙo mini wayar nan, Mama,” ya ce.